Ranar da Auta Ta Ƙi Gaida Umma

Auta na durƙushe a tsakar falo, ta baje taswirar gari a kan kafet tana ɗiɗɗiga mata jan biro. Mama na gefe tana ninke kayan wanki, bakinta bai huta ba.

"Ke dai Allah ya shirye ki! 'Ya'yan mutane na zaɓen labulen ɗaki, ke kina zaɓen unguwar da ciwo ya fi yawa. Biki fa ya matso!"

"Mama, labule ai ba ya gudu. Wannan kuwa gudu yake, yau yana nan, gobe ya tsallaka titi."

"To bi shi. In kin kamo shi sai ya ɗaura miki labulen."

Auta ta yi dariya. Ita ba likitar da ke rubuta magani ba ce, mai bincike ce. Aikinta bin sawun cututtukan da ake ɗauka ta hanyar kwanciya, irin su ciwon sanyi da tunjere: ina suka fi yawa, wa suka fi kamawa, wane magani ne ya daina jin su. Bincikenta ne ya sa asibitinsu ya fara gwada duk mai juna biyu tun awon farko, jarirai da dama suka zo duniya lafiya lau ba tare da sun san wa za su gode wa ba. A taron masana ana tafa mata. A unguwa kuwa, in aka tambayi Mama aikin 'yarta, sai ta ce "tana asibiti," ta yi maza ta canza magana.

Sallamar Dogo ce ta katse su. Dogo malamin lissafi ne, shi zai auri Auta, kuma bai taɓa shigowa gidan nan ba tare da ya tsokani wani ba. Yau ya gaida Mama a gajarce, ya zauna yana murza makullin babur. Mama ta dube shi, ta kwashi kayanta ta ba su wuri.

"Lafiya? Ɗalibai sun ci jarrabawa ne ka rasa abin faɗa?"

"Auta, siriyos nake. Jiya kin ga Umma a asibiti?"

Biron ya tsaya a hannunta. Ta gan ta mana. Tana tsaye a ƙofar sashensu da rigar aiki, sai ga mahaifiyar Dogo ta fito daga awon hawan jini, ƙawayenta biyu na biye. Umma ta washe baki, har ta ɗago hannu. Auta ta sunkuyar da kai, ta juya ta shige ciki.

"Na gan ta."

"Ta ce a dakata da maganar biki. Ta ce ta cika baki a gaban ƙawayenta, ga surukata can, sai kika dube ta kamar kin ga bango."

"Dogo, ka san dokar ƙofar nan. Ba ma fara gaida kowa a wurin. Duk wanda aka ga na yi wa fara'a a bakin ƙofar, kafin ya isa gida an gama yanke masa ciwo. Kare ta na yi!"

"Ni na sani. Amma filis, ki ce mata ba ki gan ta ba. Ki ce hankalinki na kan data, ki ce sori, magana ta mutu."

"In fara zama da mahaifiyarka da ƙarya? Idonmu ya haɗu fa. A'a, zan je in faɗa mata gaskiya."

Ta je ɗin, ta durƙusa har ƙasa a ɗakin Umma, ta yi bayani tiryan-tiryan. Umma mace ce mai kirki, amma in ranta ya ɓaci ko ruwan sanyi aka miƙa mata sai ta ce ya yi zafi. Ta saurara tana kaɗa ƙafa.

"Kin gama? To ni tun da nake ban taɓa jin an raina babba an ce gata aka yi masa ba. Ni za a zarga? Da furfurata da jikokina? Yarinya, boko ne ya hau miki kai. Tashi ki je, gidana ba a shigo da mai ƙyashin gaisuwa."

Auta ta riƙe hawayenta har bakin titi, can suka ƙwace mata. Tana son Dogo, so na gaske, kuma ta san ba zai taɓa tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Da zai iya ma, da ba ta so shi haka ba.

Makonni suka shuɗe. Kullum da safe sai ta tura wa Umma gaisuwa ta waya, ba a amsawa, gobe ta sake. Dogo ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mama ta daina maganar labule, wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo. Yayarta ta ba ta shawarar ta nemi canjin sashe, ko na ido ko na haƙori, inda mutum zai gaida duniya da haƙoransa a waje. Auta ta tuna matan da ke zuwa wurinta da mayafi har hanci. Washegari ta koma ofis ta ci gaba da aikinta.

Ran nan da hantsi Auta na ɗakin gwaje-gwaje ita da abokin aikinta suna duba sakamako, sai ta ji murya ta cika baranda.

"Ina yarinyar nan take? Ku ce mata uwar Dogo ce!"

Auta ta fito da sauri, ta rage murya. "Umma, don Allah zo mu zaga ta baya, akwai wata ƙofa—"

"Ta baya? Sata na zo yi? A nan zan zauna! Na zo ne in ce miki ki daina cika mini waya da gaisuwar da kika kasa yi ido da ido."

Ta zauna daram a bencin masu jira, a fili, inda duk mai wucewa zai gan ta. Mai wucewar kuwa ba ta yi nisa ba. Wata maƙwabciyar Umma ce da unguwa ke kira Rediyo, ta zo karɓar maganin tari. Ta dubi allon da ke saman ƙofa, ta dubi Umma, ta dafe ƙirji, ta juya da sauri har ta manta da tarin.

Aka kira Auta ciki ta sa hannu a wani sakamako na gaggawa. Da ta dawo sai ta tsaya a bayan labule, don ta ji ana magana. Wata yarinya mai tsohon ciki ce a gefen Umma, ta rufe fuska sai idanu.

"Iya, kar ki ji tsoro, suna da kirki. Ni ma ranar farko kuka na yi ta yi."

"Ke, ni ba—"

"Musamman Anti mai binciken nan. Ita ta gano abin da ke zubar mini da ciki, aka yi mana magani ni da maigidana. Rannan muka haɗu a kasuwa ina tare da uwar mijina, ina ta fargabar kar ta kira ni. Wallahi ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba! Na koma gida na yi ta sa mata albarka."

Da Auta ta fito, sai Umma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tafi ba tare da ta ƙarasa faɗan da ta zo da shi ba.

Da yamma wayar Auta ta yi ƙara. Dogo ne, dariya ta hana shi magana.

"Auta, gidanmu ya cika! Mata sai shigowa suke, sannu Umma, Allah ya ba da lafiya, ai maza ba su da tabbas. Baba ya dawo daga shago kowa na harararsa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Yanzu haka ƙanensa ya ja shi gefe yana yi masa nasiha, wai a girmansa!"

"Innalillahi! Umma fa?"

"Ta kore su da tsintsiya. Yanzu tana ɗaki ta yi tagumi."

Auta ba ta yi dariya ba. Tausayin tsohuwar ya kama ta, don ta san zafin abin, kullum tana ganinsa a fuskokin mutane.

Washegari tana isowa ofis ta tarar baranda a cike. Umma ce a gaba, bayanta ƙawayenta da maƙwabta, Rediyo a tsakiya an riƙe mata hannu kamar mai shirin gudu. Can ƙarshe ga Baba yana share gumi, Dogo na gefensa yana cije leɓe. Auta ta sunkuyar da kai za ta wuce, bisa doka.

"Ke! Dawo nan!" Umma ta daka mata tsawa. "Tunda an ce ina da shi, na zo a gwada ni. Duk wadda ta zo mini sannu jiya ita ma sai an gwada ta, in ga wadda za ta koma ta ba da labarin wata. Da ke za a fara, Rediyo!"

"Ni fa tsoron allura nake..."

"Bakinki ai ya fi allura tsini. Wuce!"

Auta ta matso a hankali. "Umma, ba a yi wa kowa dole. Kuma sakamakon kowa nasa ne shi kaɗai, ko ke ba zan faɗa wa na wata ba."

Jin haka sai matan suka saki jiki. Wata ta ce in dai haka ne ita ma dama tana da tambaya, wata ta ce a sa ta a layi. Manyan matan da Auta ta yi shekaru tana neman hanyar da za su yarda su zo, ga su yau suna rigimar wa ta riga wa. Har Rediyo ta miƙa hannu, ido a rufe.

Umma ta kamo hannun Auta, muryarta ta sauka. "'Yata, yini ɗaya na ɗanɗana abin da kika kare ni daga gare shi, ban runtsa ba. Na ce ba ki da tarbiyya, ashe taki ta fi tawa zurfi. Ki yafe mini."

Hawaye suka zubo wa Auta. Dogo ya juya baya yana goge ido, wai ƙura ce.

An yi biki a lokacin da aka sa tun farko. Darasin kuwa a bayyane yake: kar ka yanke wa mutum hukunci kafin ka san dalilinsa, kuma mai rufa asirin mutane, in ya yi haƙuri, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.

Amma a ranar gwajin, a barandar nan, Umma ba ta saki hannun ba sai da ta ƙara magana ɗaya.

"Sauran mutane ki ci gaba da wuce su, haka ya dace. Ni kuwa a nan za ki gaishe ni, a bakin ƙofar nan, da ƙarfi."

Auta ta durƙusa a gaban kowa. "Ina kwana, Umma?"

"Ban ji ba!"

"Ina kwana, Umma!"

"Lafiya lau, surukata," in ji Umma, tana waige-waige ko akwai wanda bai ji ba.