Tsoron Inna Hajo

Najwa na zaune a tsakar gidansu a Haɗeja, littattafai baje a kan tabarma, amma ko layi ɗaya bai shiga kanta ba. Tun da safe saƙo ya iso daga Guri: Hajo, mahaifiyar saurayinta Musaddiq, tana tafe da kanta ta kwashe kayan sa-rana. An fasa auren.

Laifin Najwa kuwa falsafa take karantawa, aji huɗu a jami'a. Ran da dangin Musaddiq suka zo ganinta, wata gwaggonsa ta tambaye ta me ake koya musu. Ita kuwa da bakin nan nata da ba ya jiran kowa, ta ce ana koya musu kada su karɓi magana sai sun nemi dalilinta, ko da gadonta suka yi. Kafin zancen ya kai Guri an ƙara masa gishiri: wai yarinyar ba ta yarda da maganar iyaye, gobe sai ta nemi dalilin salla.

Najwa ta kira Musaddiq a waya cikin fushi.

"Yanzu kana gonar shinkafa kana kallo za a raba mu? Ni da nake fita daga lakca in yi salla, ni za a yi wa wannan ƙazafin?"

"Najwa, uwata ce," in ji shi a sanyaye. "Na roƙe ta har na gaji. Tun da Yaya Sunusi ya bi matarsa birni ya daina zuwa, ba ta son jin sunan jami'a. Ba zan tsallake ta ba, amma ba zan nemi wata ba."

Ta kashe wayar, hawaye na zubo mata. Mahaifiyarta Kulu ta leƙo daga madafa ta ce in baƙuwar ta zo, ta shige ɗaki ta ja bakinta.

"Wallahi Umma ba zan yi shiru ba. Na tanadar mata amsoshi, duk wadda ta ɗauko sai na karya ta."

Da hantsi adaidaita ya sauke Hajo. Ko ruwan da aka ba ta ba ta taɓa ba.

"Kulu, ba zama ya kawo ni ba. Ba zan kawo wa ɗana gardama cikin gida ba. Na ga irinta sau ɗaya, ba za a maimaita mini ba. A fito mini da kayan."

Najwa ta yaye labule ta fito, ta durƙusa, zuciyarta kamar garwashi. Har ta buɗe baki, sai ƙa'idar ajinsu ta faɗo mata. Malaminsu na falsafar zamani ba ya barin ɗalibi ya soki ra'ayin wani sai ya fara faɗin ra'ayin nan da kyau, har mai shi ya ce, e, abin da nake nufi ke nan. Bara ma a kan wannan ya kayar da ita a jarrabawa. Ga shi yau ta haɗa amsoshi buhu guda, ba ta taɓa tambayar kanta me matar nan take nufi ba.

Ta haɗiye fushin da ƙyar, kanta a sunkuye.

"Inna, a yi mini izini in faɗi maganarki. In na kuskure, ki gyara mini."

"Maganata? Ke ce za ki faɗa mini maganata?"

"Ba maganar salla ce tsoronki ba, Inna, kin san gidan da na fito. Kin haifi 'ya'ya biyu maza, ɗaya ya auri 'yar boko ya tafi. In kin je gidansa a gyara miki zama, a gyara miki magana, ki dawo kamar baƙuwa. Musaddiq ne ya rage. Kina ganin ranar da za ki faɗi abu a gidanki, in ce ki kawo dalili, shi kuma ya yi shiru don yana so na. Daga nan ba ki da kowa."

Hajo ta ja bakin mayafi ta goge ido.

"To, mai dalili, mece ce amsarki?"

"Ba ni da ita, Inna. Tsoronki gaskiya ne, baki ba zai kashe shi ba. Sai dai ki zauna da ni ki gani."

Hajo ta dubi akwatunan da Kulu ta riga ta jawo bakin ƙofa, ta dubi yarinyar da ke durƙushe.

"Ko Sunusi da na haifa bai taɓa faɗin wannan ba," ta ce. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon ruwan ta sha. "Kulu, mayar da kayan nan ciki, rana na dukansu."

Bayan Najwa ta kammala karatu aka ɗaura auren, kuma a Guri ta tare, katanga ɗaya da surukarta. Har yau suna gardama, amma sai kowace ta ji ta 'yar'uwarta tukuna. Ilimin da ya koya wa mutum kaifin baki kawai bai gama aikinsa ba. Haƙurin saurare ne ya tsayar da auren Najwa.