Hoton Jikin Kwali

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Tun asuba hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya a kan Kalgo, bai zuba ba, bai kuma watse ba. Da hantsi wata farar a-kori-kura da ta taso daga Jega ta rage gudu saboda rami, sai ga babur ya sha gabanta.

"Tsaya! Kashe mota!"

Bawa ne, ogan gungun, fuska naɗe da rawani, bindiga a hannu. Haliru, wanda ya tuƙo babur ɗin, ya zagaya ta ɗaya gefen. Mai motar, Ezekiel, mutumin Zuru mai shagon kayan mota a Kalgo, ya ɗaga hannu sama.

"Oga, don Allah, kaya ne kawai na ɗauko."

"Ai kayan munka zo ma. Sauko!"

Ezekiel ya tsaya kiciniyar kwance bel ɗin kujera. Gindin bindiga — ƙwas! — a baki. Haƙora biyu suka faɗo masa a cinya. Haliru ya zare masa waya daga aljihu.

Zayyanu, direban gungun, ya matso da tsohuwar Golf ɗinsa har gindin a-kori-kurar, ya dinga jidar manyan kwalaye yana cusawa a but da kujerar baya. Zuciyarsa fari ƙal, don shi ya kawo harkar. Da can kabu-kabu yake yi tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, bara ya shiga hannun Bawa, kuma har yau bai taɓa harbi ba. Makon jiya ya je shagon Ezekiel sayen waifa mai goge gilashi, ya ga wani malamin jami'a da 'yar na'urar nan mai nuna hanya da ake kira jifiyes, manne a gilashin mota, muryar mace a ciki tana cewa bi dama, bi hagu. Ya kuma ga Ezekiel riƙe da ɗan ƙaramin kwali mai hoton na'urar, yana gaya wa wani a waya cewa ran Talata zai ɗauko irinsa mota guda. Zayyanu bai ko sayi waifar ba, ya garzaya wurin Bawa.

"Kai bi ta bayan gari," in ji Bawa yana hawa babur. "Mu gamu injin shinkahwa. Kak ka tsaya ko hitsari!"

Ko fitsarin bai tsaya ba, ruwa ne ya tsayar da shi. Yana barin kwalta sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Kusa da Kambaza Golf ta nutse a taɓo har gindin ƙofa. Ya taka, ya sake takawa, taya na juyawa a banza. Ya daɗe a nan kafin wasu manoma da ruwa ya koro daga gona su zo su kama masa. Suka tura mota cike da kayan fashi har ta hau tudu, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga masa hannu.

"Allah shi kiyaye hanya, direba. Allah shi sa albarka ga nema."

"Amin, Baba," in ji Zayyanu.

Sai bayan azahar ya isa tsohon injin casar shinkafa da ke bayan Gwandu, kangon da rabin rufinsa ya yaye. Bawa na zaune a kan buhu, ido ja.

"Makka kab biya?"

"Taɓo na, Oga. Dibi ƙahwata."

Bawa bai duba ba. Haliru ya sa wuƙa ya farke babban kwali. Ƙananan kwalaye ne jere a ciki, kowanne da hoton na'urar tana sheƙi a gilashin mota, ga taswira, ga shuɗin layi. Ya yage na farko yana dariya.

Wani baƙin mariƙin roba ne ya faɗo, mai faifai a gindi irin wanda ake mannawa a gilashi.

Ya girgiza kwalin. Babu komai. Ya yage na biyu: caja mai murɗaɗɗiyar igiya, wadda ake sokawa a ramin kunna sigari. Na uku, 'yar eriya kamar buzuzu da maganaɗisu a cikinta. Na huɗu, wata 'yar hula ta kare fuskar na'ura daga rana. Na biyar, jaka mai zif, an yi ta daidai girman abin da babu. Suka bi kwalayen duka, har roba da leda suka kai musu idon sawu. Na'ura ko ɗaya.

Bawa ya juyo ya dubi direban.

"Zayyanu," Bawa ya ce a hankali. "Ina dawakin?"

"Waɗanne dawaki, Oga?"

"Ga linzami, ga sirdi, ga likkahwa. Ka taɓa jin an ɗauko sirdi mota guda daga Legas ba doki? Kai kaɗai kat tahi da kaya. Kai kad daɗe."

"Wallahi tallahi ban buɗe ba! Ai kun ga liƙe suke!"

"Salatif nawa na?" in ji Haliru. "Ko ni ina liƙewa."

Zayyanu ya ɗauki kwali ɗaya ya juya shi. A ƙasan hoton akwai wani rubutun Turanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. A aji huɗu ya bar firamare, amma jikinsa ya ba shi cewa amsar tana nan.

"Oga, a samu mai karanta wanga."

"Ni hoto nika karantawa," Bawa ya ce, ya jawo bindiga kan cinyarsa.

Zayyanu ya san abin da ya sami Hassan, direban da ya gada. Waya ɗaya ce ta ɓace a rabo, Bawa ya kai shi bakin gulbi, bai dawo da shi ba. Daga baya aka tsinci wayar a ƙarƙashin kujerar mota.

"A kira mai kayan!" Maganar ta kuɓuce masa. "Ga lambar shago nan jikin kwali. A tambaye shi!"

Haliru ya riƙe ciki don dariya. "Yau ga sabon salo! Ɓarawo shi kira mai kaya shi ce kaya ba su cika ba!"

Amma Bawa ya miƙa hannu. "Ba ni wayar mutumin."

A daidai lokacin Ezekiel na zaune a ofishin 'yan sanda, tsumma a baki, yana yi wa Sufeto Abdulhakeem bayani da ƙyar. Matarsa Ruth na tsaye a kansa, ta rufe shago ta taho da wayar shagon a hannu.

"Yallaɓai, babu na'ura a ciki. Wani kamfanin shinkafa ne da ya riga ya sa wa motocinsa jifiyes. Zafin rana ya kashe musu mariƙai, direbobi sun ɓatar da caja, shi ne suka ce in kawo musu sababbi, da eriya da sauran tarkace. Wanda ba shi da na'urar, ko kyauta ka ba shi ba zai karɓa ba."

Sufeto ya ajiye biro. "Wato a kan roba suka cire maka haƙora?"

Wayar hannun Ruth ta yi ƙara. Sunan mijinta ne a kai. Sufeto ya miƙe, ya yi mata alama ta buɗe murya kowa ya ji.

"Wa ke magana?" in ji Ruth.

"Mu na, masu kayanku. Hajiya..."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"To Madam. Tambaya guda. Kwalayen ga, da na'ura ciki ko babu?"

Daga can nesa wata murya ta biyo, tana karkarwa: "Madam, don girman Allah hwaɗi gaskiya! Raina na hannunki!"

Ruth ta dubi bakin mijinta, ta dubi jinin da ya bushe a gaban rigarsa.

"Kowane kwali da na'urarsa a ciki," ta ce. "Ni da kaina na yi odar. Ku dawo mana da su, marasa tsoron Allah!"

Ƙit! Aka kashe.

Ezekiel ya cire tsumma. "Ruth! Za su kashe mutum fa!"

"Da suka fasa maka baki shawararka suka nema? Ran Lahadi zan roƙi gafara a coci."

Sufeto ya bar su da musunsu. Ya ɗauki oba-oba, rediyon 'yan sanda, ya sanar da duk shingayen da ke hanyoyin shiga Kalgo: tsohuwar Golf, ruwan toka, maza uku. "Ɓarayin da suka fara tuhumar juna ba sa zama wuri ɗaya," ya ce da yaransa. "Ku buɗe ido."

A kangon, Bawa ya ɗana bindiga — ƙaras! — ya ɗora bakinta a goshin Zayyanu. Ƙarfen da sanyi.

Zayyanu ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin uwarsa, ya faɗi gaskiya har miyau ya ƙafe a bakinsa, kuma duk rantsuwa ɗaya yatsan Bawa sai ya ƙara lanƙwashewa. Nan ya gane gaskiya ba za ta kai shi la'asar ba.

"Na ɓoye su," ya ce.

Fuskar Bawa ta saki. Har murmushi ya yi, ya sauke bindiga, ya dafa masa kafaɗa kamar uba.

"Ka gani? Gaskiya dokin ƙarhe. Da tun ɗazu ka hwaɗi, da ba mu wahal da Madam ba. Ina?"

"Dangoma, wajen Kalgo. Rumbun gwaggona Hajjo." Wurin da ya fara zuwa bakinsa ke nan, kuma yana faɗa ya yi da-na-sani.

"Tashi mu tahi."

Suka shiga Golf, Zayyanu a sitiyari, Bawa a bayansa da bindiga a ƙeyarsa. Haliru ya taho da mariƙi ɗaya, ya tofa wa faifan miyau ya manna a gilashi. Ya kama ƙam.

"Kai, abin na da kyau hwa," ya ce. "Ga gida mun gyara, saura amarya."

Zayyanu na tuƙi yana kallon mariƙin da ya wage baki fayau, babu abin da zai nuna masa. A rumbun Gwaggo Hajjo babu komai sai ragowar geron bara. In Bawa ya leƙa ya ga gero, gawa biyu za a yi, don tsohuwar ba ta iya shiru ba, sai ta fito da muciya tana tambayar 'ya'yan wane ne. Gudu babu hali. Ya duba duk ƙasar Kabi a ransa, ya ga masu bindigar da wataƙila ba za su kashe shi yau ba, su ne 'yan sandan da ya shekara yana guje wa.

"Bi ta cikin gona," in ji Bawa da suka kusa Kalgo.

"Ruwa ya cinye ta, Oga. In mun kahe nan, sai gobe."

Wannan kam gaskiya ce, Bawa ma ya ga fadama ta cika ta batse. Ya yi tsaki. "To hau kwalta. In akwai masu baƙin kaya, ka gaishe su ka wuce. Kay yi tari, kai ka hwara tahiya."

Ga shingen can: buhunan yashi, katako mai ƙusoshi, motar sintiri a gicciye. Wani ɗan sanda ya ɗaga hannu. Zayyanu ya rage gudu, ya sa sigina kamar mutumin kirki. Ya yi kalmar shahada a zuci. Sai ya danna totur har ƙasa!

"Kai! Kai! Ɗan..."

Garam! Golf ta daki motar sintiri a ciki. Bawa ya hantsilo gaba — tau! — harsashin da aka tanadar wa ƙeyar Zayyanu ya shige masa kafaɗar dama. Gilashi ya tarwatse.

"Su ne! Su ne! Ku kwanta!"

Bawa ya banke ƙofa ya fito yana harbi. Tau! Tau! Bai kai bakin kwalta ba suka amsa masa gaba ɗaya. Ya faɗi rub da ciki a cikin ruwan da ya kwanta a gefen hanya. Haliru ya tsallake lambatu ya faɗa gonar shinkafa, taɓo ya riƙe shi har gwiwa, masu gonar suka fito da shi da fartanya.

Zayyanu na kwance a kan sitiyari, jini na bin hannunsa. Da Sufeto Abdulhakeem ya iso ya leƙo ta taga, sai ya ji direban yana maimaita magana ɗaya.

"Yallaɓai, ba na'ura ciki. Wallahi ba na'ura."

"Na sani," in ji Sufeto.

Zayyanu ya lumshe ido. Tun azahar mutum na farko ke nan da ya yarda da shi, kuma shi ne ya sa masa ankwa.

Sai dai Haliru bai yarda ba. Tun a hannun manoma yake ihu cewa Zayyanu ya ci amana, ya binne na'urori mota guda a rumbun gwaggonsa a Dangoma. Kafin magariba zancen ya zaga kasuwa. Ezekiel ya yi ta rantsuwa da wawulon bakinsa cewa babu su, mutane suka ce ai dole ya faɗi haka.

Ga abin da aka rasa. Bawa ya rasa ransa. Zayyanu ya rasa hannun dama daga kafaɗa, da motarsa, da shekarun da alƙali ya yanka masa shi da Haliru. Ɗan sanda ɗaya ya karye a ƙafa. Ezekiel ya rasa haƙora biyu da cinikin kamfanin shinkafa, don kayan sun zama shaidar kotu, ba su fito ba sai da robarsu ta bushe ta tsattsage. Gwaggo Hajjo, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta rasa rumbu biyu da geron da ke ciki, samarin gari suka fasa su suna neman na'ura.