Ruwan Zafin da Motar Oddvar Ta Zubar

Da yammacin wata rana a ƙarshen kaka, Oddvar ya fito daga mota don ya sa duwatsu a gaban tayoyi. Ba wani aiki ba ne, amma ya yi shi yana zage-zage, domin matakalar ƙofa ta sake ƙin fitowa, sai da ya diro a kan gwiwarsa mai ciwo.

Motar irin wadda ake kwana a cikinta ce, da gado da kicin da banɗaki. Sabuwa fil ya saye ta a shekarar da ya ajiye tuƙin bas, saboda matarsa Gunvor, wadda huhunta ya lalace har ba ta rabuwa da na'urar da ke ba ta iska ta wani siririn bututu a hanci. Jirgi ya fi ƙarfinta, otal kuma wahala ne. A ganinsa, in gidan da kansa ne yake tafiya, ba inda ba za ta je ba. Ashe ciwon kai ya saya wa kansa.

In ka kunna fitilar banɗaki, rediyo ya kama waƙa. In firij ya tashi, matakala ta fito da kanta a tsakiyar titi, in kuwa kana bukatarta sai ta yi kunnen uwar shegu da kai. Ranar da ya kwance allon da ke ƙarƙashin kujera, abin da ya gani ya kusa sa shi kuka. Wayoyi ne a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana, an murɗe wasu da hannu an naɗe da salatif, ga garin katako, ga guntun sigarin wani ɗan banza da ya yi aikin yana sauri ya tafi gida. Ya yi ta mayar da ita wurin wanda ya sayar masa, wani mai daɗin baki ana ce masa Kjetil, har hanya ta gaji da shi. Kullum amsa ɗaya ce, da murmushi a kai: "Haka suke duka, Oddvar. Sai dai ka saba da ita."

Duk lokacin da ya tuna wannan murmushin, sai ya ji kamar ya shaƙe wani.

Gunvor ce ta roƙe shi su hau dutse, ta sake ganin makiyayar da uwarta take kai shanu da bazara tun tana ƙarama. Bukkar ta rushe tuni. Abin da ya rage shi ne wani fili mai ciyawa a gindin ƙaramin tudu, da ƙaton dutse a kansa. Da ta ga inda zai tsaya ta ce ya ƙara gaba, wai Mama ko shanya ba ta yi a wurin nan. Ya ce mata nan ne kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri, kuma firij ba ya aiki a karkace, shi bai isa ya yi gardama da firij ba. Ta harare shi ta kira shi tsohon jaki, ya ce ai ita ta zaɓa.

Uwar Gunvor ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba sai ta ce, "Na ƙasa, a kauce!" Haka duk matan makiyaya suke yi, domin mutanen ɓoye a ƙarƙashin ciyawa suke zaune da 'ya'yansu, kuma ba sa yafe ƙuna. Gunvor ta gaji wannan. Ko a gidansu na bene a birni sai ta faɗa kafin ta tace dankali, shi kuwa ya shafe shekaru yana tambayarta ko maƙwabtansu na hawan ƙasa sun amsa. A cikin mota kaɗai take yin shiru, tun da ruwan tanki yake shiga, ba ya taɓa ƙasa.

Rana ta faɗa bayan dutse. Sanyi ya fara cizo. Can nesa ƙararrawar wata tunkiya tana ƙara, sai kuma ta daina.

Ya hawo da ƙyar ya rufe ƙofa. Ciki da ɗumi, ga ƙamshin gahawa da kifi, ga na'urar tana hucinta a hankali a gefen gado. Gunvor ta ɗauke tukunya daga wuta ta juye tafasasshen ruwan dankali a wurin wanke-wanke, tururi ya rufe taga. A daidai lokacin Oddvar ya danna makunnin fitilar waje don ya ga ko duwatsun sun zauna.

Fitilar ba ta kama ba. Wani abu ne ya yi ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya san ƙarar. Bakin tankin ruwan datti ne, wanda ba ya buɗewa sai an danna jan maɓalli a gefen sitiyari. Ya ji ruwa yana kwarara shaa a kan ciyawa. Ya buɗe baki zai tsine wa Kjetil.

Sai wani abu ya yi ƙara daga ƙasa.

Siririyar ƙara ce, kamar ta jariri, kamar kuma ta zomon da aka taka. Ta ɗauke. Bayanta sai kukan mace, ƙasa-ƙasa, daga inda ba ɗaki ba rami.

Tukunya ta suɓuce daga hannun Gunvor. Ta dube shi, fuskarta ta yi fari.

"Ka yi musu magana?" ta ce da raɗa.

"Maganar me? Fitila na kunna. Wannan shegiyar motar ce."

Ya danna makunnin ya sake dannawa. Rediyo ya kama da kansa, ba waƙa, sai huci kamar na mutane da yawa a ɗaki ɗaya. Matakala ta fita ta dawo, ta fita ta dawo. Ƙamshin gahawa ya ɓace, wani wari ya maye wurinsa, na jiƙaƙƙen gashin tumaki da madarar da ta yi tsami.

Daga nan aka fara jan wayoyi.

Yana jin su suna gogar katako a cikin bango, ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Fitilar banɗaki ta mutu. Ta kicin ta bi. Firij ya yi shiru.

Na'urar numfashi ta yi ƙara sau ɗaya, ta tsaya.

Tana da ɗan batirinta na ciki, amma shi ma bai tashi ba. Oddvar ya jijjiga ta, ya zare filogi ya mayar, ya ruga ya murɗa makullin mota. Ko tari injin bai yi ba. Wayar hannunsa ba ta kama komai a kan dutsen nan. Gunvor ta zauna a bakin gado tana jan iska da baki, kafaɗunta suna hawa suna sauka.

Tsoro ya kama shi, amma fushi ya fi. Ya fizgo tocila da sifana.

Ta riƙe rigarsa. "Ajiye ƙarfen," ta ce, kalma ɗaya numfashi ɗaya. "Ɗauki man shanu."

Bai ajiye ba. Man dai ya cusa shi a aljihu don kada ta ɓata sauran iskarta a kan gardama.

Waje ya yi shuɗi-shuɗi, ba dare ba rana. Ba iska. Tururi yana fitowa daga ƙarƙashin motar. Ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya ja jiki ya shiga, ruwan ɗumi yana ratsa rigarsa.

Ya haska.

Wayoyi sun sauko suna lilo kamar saiwoyi. A tsakiyarsu babbar jar wayar batir ce, kuma wani hannu yana riƙe da ita. Ƙaramin hannu, launin toka, da dogayen yatsu.

Ya bi hannun da haske. Mace ce, tsayinta bai wuce na yaron goye ba, fuskarta kuwa ta tsohuwa ce tukuf. Tana sanye da saƙin ulu mai ruwan toka. A ɗaya hannun tana rungume da yaro, bayansa ya saɓule, tururi yana tashi daga fatar. Akwai wasu a bayanta, da yawa. Idanunsu ba sa ƙyalli a hasken tocila, shanye shi suke yi.

Ta sassauta yatsu. A sama na'urar ta yi huci. Ta matse, ta yi shiru.

Ta sake yi, tana kallonsa, don ya gane.

"Ba ni ba ne," in ji Oddvar cikin haushi. "Ni fitila na kunna. Mutanen banza ne suka haɗa ta ba daidai ba."

"Ba ka ce a kauce ba."

Muryarta kamar ana taka busasshen ganye.

"Na ce miki ba ni na..."

"Kai ka tsaya a kan rufinmu."

Sifana tana hannunsa, kuma ya san abin da ake cewa, wai ƙarfe yana korar su. Hannun matar bai fi tsinke kauri ba. Duka ɗaya ya isa. Duk baƙin cikin da ya haɗiya a ofishin Kjetil ya taso masa, ya ɗaga hannu.

Sai ya ji bugu a saman kansa. Diddigen Gunvor ne yake dukan daɓen motar. Da ƙarfi, sannan a hankali, sannan da ƙyar.

Ya yi jifa da sifanar waje.

Ya ciro man shanun ya ɓare takardar, ya tura shi a kan ciyawa. Tun da yake a duniya Oddvar bai iya ba da haƙuri ba, Gunvor shaida ce. Maganar ta fito kamar ana zare masa haƙori.

"An ce kada in tsaya a nan, na tsaya. Laifina ne. Ki yi haƙuri. Matata ba ta taɓa zubar da ruwa a ƙasa ba tare da ta gaya muku ba."

Ba wanda ya motsa. A sama bugun ya daina.

Wani hannu ya fito daga duhu ya ja man. Matar ta lakata ta shafa a bayan yaron, kukansa ya koma shessheƙa. Amma ba ta saki wayar ba. Ta ɗaga wata siririya da aka naɗe da salatif, wadda ta haɗa makunnin fitila da bakin tanki, ta juya ta tana dubawa kamar mai duba ɗinkin da aka ɓata.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Oddvar ya ji wani abu mai kama da daɗi ya ratsa tsoronsa.

"Na san wanda ya sayar da ita yana dariya," ya ce. "In kina so, in kai ki."

Ta saki jar wayar.

Bai san yadda ya fito ba. Ya shure duwatsun, ya faɗa ciki, ya saki birkin hannu. Injin bai tashi ba, motar ta fara gangara da kanta cikin duhu, sitiyari ya yi tauri, birki kamar dutse. Rassan bishiya suna dukan gilashi. A bayansa na'urar tana kamawa tana ɗaukewa, shi kuwa yana kiran sunan Gunvor ba amsa. Sai da suka kusa gindin gangaren ya jefa giya, injin ya yi tari ya kama, fitilu suka dawo gaba ɗaya.

Ya ji ta ja wani dogon numfashi mai ƙara. Ya tsayar da motar ya kifa kai a sitiyari, hawaye suna zuba, yana zagin kowa.

Duk tsawon hanyar asibiti bayan motar ya yi nauyi, kamar an loda mata buhunan dankali. Lokaci-lokaci ana ƙwanƙwasa daɓen daga ƙasa, a hankali, irin na mai tuni.

Washegari ya kai motar filin Kjetil, ya ajiye ta a tsakiyar 'yan'uwanta farare da ke jere, ya wurga makulli a kan tebur. Kafin ya tafi ya durƙusa a gefen taya kamar mai ɗaure takalmi, ya ce, "Nan ne."

Gunvor ta rayu, amma muryarta ba ta dawo ba, sai raɗa, ita ma da ƙyar. Likitoci suka ce ƙarancin iska ne.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka lokacin da Kjetil ya bugo waya, da magariba. Babu murmushi a muryar. Ya ce motocin filinsa suna kunna fitilu da kansu alhali an cire musu batir, matakalu suna fita suna komawa, ko ina warin madara mai tsami. Ya ce jiya ya buɗe famfon ruwan sanyi a gidansa, abin da ya fito ya saɓule masa fatar hannu. Yana magana ƙasa-ƙasa, kamar akwai mai saurare a ƙarƙashin teburinsa.

"Oddvar, don Allah, me ke cikin motar nan da ka dawo da ita?"

"Haka suke duka, Kjetil," in ji Oddvar. "Sai dai ka saba da ita."

Ya kashe wayar ya koma kicin. Dankali ya dahu. Gunvor tana zaune a bakin taga, na'urarta tana huci, tana kallonsa. Ya ɗauki tukunyar ya tsaya a gaban wurin wanke-wanke, a hawa na huɗu, a tsakiyar birni, ya gyara murya.

"Na ƙasa, a kauce," ya ce da ƙarfi, ya ɗan jira, sannan ya zuba.