Jan Bokiti

"Mi kac ce, Ma'aruf? Sake faɗi in ji!"

Rahmatu ta fizge gefen mayafinta daga hannunsa. Mata na ɗibar ruwa a famfon da kamfanin magunguna ya haƙa wa Illela, duk sun kasa kunne.

"Sassauta murya, Rahmatuna..." Ya matso, suka ja gefe inda matan ba sa jin su. "Ki ce ma Inna jinina lafiya lau. Ke ce tafintar likitoci, za ta yarda."

Tun da kamfanin ya zo daga Ikko binciken amosanin jini, aka baza cewa Ƙonni, ƙetaren iyaka, ake kai jinin a sayar. Don a daina tsoro, ita da Ma'aruf, ɗan gwaggonta kuma wanda zai aure ta, suka fara miƙa hannu a gaban kowa. Duk wanda aka samu da ƙwayar ciwon a jininsa, kamfani kan ba shi kyautar jan bokiti da gidan sauro. Ba a yi mako ba gari ya gane ma'anar bokitin.

Ita ta ratsa kasuwa da nata a ka. Shi kuwa a ɓoye ya bar wa wani masunci bokitinsa a tafkin Kalmalo.

"Hindatu, ɗiyar maƙwabtanmu, ta riga ta kai ma Inna labarinki," ya ce. "Amma likita ya ce in mutum guda ad da shi, babu komi. Kalma guda, abar ƙaunata, a ɗaura muna aure!"

"In kuma su biyu na?"

Ya kau da kai.

"Ni nim miƙa maka bokitin da hannuna, Ma'aruf!"

"Allah ka bada lafiya, ba likita ba."

"Haka Baba yac ce, kahin mu rufe ƙanena Lawwali. Ba ka ji kukanai ba in sanyi ya shigo. Ni nike danna mai ƙafafu, yana roƙona in sare su ya huta... In haifi ɗa in kalle shi hakanan?"

"Ashe ba ki sona."

"Ina sonka har ina jin haushin kaina!"

"To ki rufa man asiri. Kar kowa ya ji zancen nau."

Sai yanzu ta gane. Abin da ya kawo shi ke nan, ashe.

"Je ka. Ba ni faɗi."

Bayan sallar layya aka ɗaura aurensa da Hindatu, wadda ta ƙi gwaji tun farko. Kamfani ya naɗe tantunansa, ya bar famfo da allo mai sunansa.

Babu wanda ya sake yin sallama da Rahmatu a ƙofar gidansu.

Ranar da Gwaggo, mahaifiyar Ma'aruf, ta zo duba Baba, ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ba ƙinki nike ba, jinin ɗana nike tsaro."

Rahmatu ta durƙusa ta ajiye mata ruwa.

"Allah shi tsare, Gwaggo."