Shuɗin Fiffike

Da hantsi aka kawo wa Insifekta Lirwanu rahoto a ofishinsa na Bukkuyum. An tsinci gawar Namadi ɗan kabu-kabu a titin da ya taso daga Gummi zuwa Anka, dab da mararraba.

Ko da ya isa, wurin ya cika. Babur na kwance a gefe, ko fitilarsa ba ta fashe ba. Amma goshin Namadi a dare yake, kamar an sheme shi da gora. Sajan Sahabi ya kau da kai yana salati.

A gindin wata bishiyar bedi, matasa sun ɗaure wani makiyayi mai suna Jatau da rawaninsa. Mai zuga su Sufyanu ne, ɗan wani dillalin zinari, abokin mamacin tun suna yara.

"Shi na!" in ji Sufyanu, idanunsa jawur. "Da idona nig gane shi nan da sanda. Ku ba mu shi!"

"Wallahi shanu nika kora," in ji Jatau. "Iske shi niy yi kwance."

Da ƙyar Insifekta ya fizge shi ya tura a mota. 'Yan kabu-kabu suka rantse, in la'asar ta yi ba a ba su shi ba, za su afka wa rugar su Jatau.

Insifekta ya durƙusa a kan titin. Gero ne zube a jere, kamar daga buhu mai huda. Can gaba ga guntun igiya. A bakin raunin kuma ya zaro wani ɗan ɓawo shuɗi mai ƙarfi.

"Sajan, ka taɓa ganin sandar kiwo mai fenti?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai. Wannan kamar na jikin mota."

Suka nufi Anka, garejin Magaji mai gyaran bodi. A shekarun nan samari masu motocin Kwatano sun shiga wani yayi. Sai a sauke bambar gaba har ta kusa shafar ƙasa, a kafa wani fiffike a kan murfin but, can bayan mota, wai yana danne mota da titi in ana sheƙa gudu. Magaji ne ke musu aikin.

Ya juya ɓawon a tafin hannunsa. "Ban san wannan ba, ranka shi daɗe. Ni baƙi da fari nika fesawa."

"To shuɗin da ke ƙarƙashin farcenka, lalle ne?"

Magaji ya rage murya. "Faiba ce, ba ƙarfe ba. Ta fiffike. Guda ɗaya tal niy yi mai wannan launi. Amma don Allah kar a ce ni nif faɗi, ubanshi babban mutum na."

"Uban wa?"

"Sufyanu."

Sajan ya saki baki. "Wanda ke kuka ɗazu?"

Bayan azahar suka yi sallama gidan su Sufyanu. Mota na cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Mahaifiyarsa Dija na zaune tsakar gida tana awon gero. Sufyanu ya fito yana share ido.

"Yau ka fita da motarka?"

"Ko kusa. Babur nih hau."

Insifekta ya yaye tamfol. Motar shuɗiya ce, amma babu fiffike.

"Ina wanda Magaji ya sa maka?"

"Na kwance shi tun makon jiya. Baba ba shi so."

Insifekta ya shafa murfin but. Ramukan kusoshin ba a kwance suke ba, a yage suke, ƙarfen ya tashi sama kamar bakin gwangwani.

"Wane makon jiya kuma?" in ji Dija, ba ta ko ɗago ba. "Abin da na dafa da hannuna da safe ina ba ka sallahu za ka Gummi? Ɗana, faɗa musu gaskiya, geron kawunka kaɗai ka ɗauko mini. Mi aka yi?"

"Inna, ki yi shiru!"

Ta ɗago a razane.

Sajan ya zagaya bayan rumbu. Can ya fito da fiffiken daga cikin tarin kara, an wanke shi, sauran igiya na ɗaure a tsakiyarsa. Insifekta ya ɗora ɓawon a gefen da ya guntule. Ya zauna daram.

Sufyanu ya zame ya zauna a ƙasa.

"Buhuna sunka yi yawa, but yaƙ ƙi rufuwa," ya ce. "Sai niɗ ɗaure igiya a fiffiken, na ja ta ƙasa, kamar yadda kowa ka yi wa kaya. A hanya na cim ma Namadi. Na yi mai oda ina dariya, na wuce shi da gudu, don shi ga aikin motar. Sai na ji ƙara. A madubi na ga abin ya tashi sama..."

"Ka koma?"

"Na koma."

"Yana da rai?"

"Yana numfashi. Har ya kira sunana."

"Ka ɗauke shi?"

"Fiffiken niɗ ɗauka."

Mudun ya suɓuce daga hannun Dija, gero ya watse. "Namadi? Namadin da ke cin tuwo akushi ɗaya da kai?"

"Kuma ka dawo a babur ka nuna bawan Allah, don a kashe shi a madadinka," in ji Insifekta. Muryarsa ma ta sauya.

Sajan ya sa masa ankwa, ya rungumo fiffiken a hammata. A ƙofar gida 'yan kabu-kabu sun fara taruwa da gorori, suna jiran Sufyanu ya ja su ruga. Suka gan shi, suka ga abin da Sajan ya riƙe. Suka dare, suka ba da hanya.

Aka tura shi bayan mota, daidai inda Jatau ya zauna da safe. Rawanin da aka ɗaure shi da shi na nan a kan kujerar.

"Riƙe shi," in ji Insifekta. "In mun isa, kai za ka miƙa wa mai shi."