Ranar Da Injin Ya Yi Shiru

"Ranar da ruwa ya dawo rijiyata, ranar za ka zo ka ɗauke ta. Kafin nan kada in ƙara ganin takalminka a ƙofar gidana!"

Haka Baba ya faɗa wa Mai Famfo, yana nuna shi da igiyar guga. Ni kuwa ina laɓe bayan ƙyaure.

"Baba, aiki ne fa kawai... kunnawa nake in kashe," in ji Mai Famfo.

"Yaushe ka taɓa kashewa? Mu dai ka kashe!"

Gaskiyar Baba ce. Tun da wani kamfanin ƙasar waje ya sayi filin bayan lambunmu, ya zagaye shi da waya, ya haƙa rijiyoyin burtsatse, injinsu bai huta ba. Ciyawa suke nomawa kore shar, a loda a tirela a kai wa shanun ƙasarsu. Mu kuwa albasarmu ta ƙone, rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa shekarar da aka haife ni ta koma rami. Kuma duk samarin duniya, wanda ke riƙe da makullin ɗakin injin shi zuciyata ta zaɓa. Ikon Allah!

Da yamma Mai Famfo, wanda nake ce wa Nawan, ya kira ni.

"'Yar Lambu, kin ji sharaɗin Baba?"

"Ɓacin rai ne, Nawan. Kada ka riƙe."

"Ai na riƙe. Magana zarar bunu ce."

Na yi dariya, na ce ya cika rigima. Dariya fa na yi!

Baba yana da hali guda: duk sanda ruwa ya ƙara nisa, sai ya shiga rijiya ya bi shi da haƙa. Ya daɗe da wuce inda siminti ya tsaya, ƙasan duk yashi ne. Mama ta yi magiya har ta gaji. Cewa yake, "Ko ni ko ruwan nan."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya shiga, ni da Yaya muna jan gugan yashi muna zubarwa. Wajen azahar guga ya yi nauyi. Na tsoma hannu, na ji sanyi.

"Baba, danshi!"

"Ruwa ne!" Muryarsa ta taso daga ƙasa. "Ga shi yana tsattsafowa ta ko'ina!"

Dariya yake. Rabon da in ji dariyar Baba har na manta.

"Fito haka nan, Baba," in ji Yaya.

"Bari in ƙara masa hanya."

Sai wayata ta yi ƙara. Nawan ne, muryarsa cike da murna.

"Saurara da kyau. Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi ne! Tun asuba na kashe injin gaba ɗaya. Manya sun tafi taro, in sun dawo su kore ni. Je ki leƙa rijiya, ki kira Baba ya gani da idonsa..."

"Baba ai yana ciki."

"Cikin ina?"

"Cikin rijiyar. Yana ƙara haƙa."

"Innalillahi! Ku fito da shi! Yashin nan in ya jiƙe ba ya riƙe..."

Ban ji ƙarshen maganar ba. Wani sauti na ji daga ƙasa, dim, kamar an yar da buhu. Yaya ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya kira Baba, ya sake kira, har muryarsa ta dashe.

Nawan ne ya fara isowa, a guje, babu takalmi. Shi ya fara shiga. Da hannu ya yi ta tonon yashi har farcensa ya cire. Sai gab da magariba aka fito da Baba.

Kamfanin ya kori Nawan tun kafin a dawo daga maƙabarta.

Ya zo zaman makoki ya zauna can ƙarshen tabarma, babu mai kallonsa. Da mutane suka ragu, Mama ta dube ni da kumburarrun idanu.

"Kai masa ruwa. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba."

Ruwan jarka ne da Yaya ya sayo. Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da yatsunsa naɗe da bandeji.

"Ruwan ya dawo, 'Yar Lambu... so nake kawai ya gani."

"Ya gani. Har dariya ya yi."

Ya sunkuyar da kai.

"Zan jira ki. Ko shekara nawa ne."

"Kada ka jira. Ina son ka, wallahi ina son ka, kuma na san ba da gangan ba ne. Amma duk sanda na dube ka, igiyar nan nake gani a hannun Yaya, yana ja tana ƙin motsi."

Ya ajiye kofin bai sha ba. Yana miƙewa, injin ya tashi a bayan waya, da ƙararsa ta kullum. Sun samu wani ya kunna.

Washegari na leƙa rijiyar Baba. Ta sake bushewa.