Ruwan Da Bai Rabu Ba

"Wa ya ɗage min allura?!"

Ta faɗo ɗakin bincike kamar za ta ci babu. Wata uku tana fama da na'urar nan mai bin fuskar tsatsar ƙarfe da siririyar allura, tana zana ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Jiya ta ga abin da take nema, ƙwayar ruwa ta rabu biyu a kan tsatsar. Gobe za ta nuna wa kwamiti, yau kuma an tsayar mata da aiki!

Saurayinta, mai wasa bakin wayar ƙarfe ya yi wa na'urar allurori, ya miƙe.

"Ni ne, Zuciyata..."

"Kar ka ƙara ce min Zuciyata! Doguwa ta gaya min komai, so kake ita ta riga ni gano abin nan! Baba ya ce me zan yi da mai wasa waya, na tsaya maka, ashe kura na ba wa ajiyar nama!"

Maganar ta soke shi. Ya juyo mata da allon kwamfuta, hoton jiya na kai.

"Dubi ramin nan na gefe. Nawa ne?"

Biyu. Ta dubi wani, shi ma biyu. Komai tagwaye, duk sun karkata gefe guda. Bakin allurar ne ya tsage, tana zana kowane abu sau biyu. Ruwan bai rabu ba.

Doguwa kuwa, abokiyar karatunta da ta shekara biyar a kan na'urar, jiya ta ga hoton har tana cewa maza ki kai wa kwamiti. Muguwa!

"Gara ki zage ni yau da a yi miki dariya gobe." Ya ajiye makullin ɗakin a kan tebur. "Na saka miki sabuwar allura. Mai wasa waya ya gama aikinsa."

Ta tare ƙofa, ga kunya ga haushi, hawaye shar.

"Wallahi ba inda za ka! Sai ka tsaya kamar gunki ina zaginka?"

"Kin bar ni na yi magana?"

Ta ja hanci.

"Ka yafe min, Sanyina... Gobe zan ce wa kwamiti ban samu komai ba tukuna. Jibi ka zo wurin Baba. Ni zan yi bayani, ka san na iya."

Ya ɗauki makullinsa.

"Wannan kam na shaida."